Yadda Ake Shirin Kare Ƙudurin Binciken Digiri na Uku a Gaban Kwamiti

Kafin a bar ɗalibin digiri na uku ya fita tattara bayanai, sai ya zauna gaban kwamitin malamai ya kare ƙudurin bincikensa, wanda ɗalibai suka fi kira furofozal. Da yawa suna ɗaukar zaman kamar jarrabawar hadda, su kwana bitar sunayen masana da shekarun wallafa. Ba shi ake nema ba. Abu uku kwamiti yake son ya gamsu da su: cewa akwai tambayar da ta isa a ba da digiri na uku a kanta, cewa hanyar da ka zaɓa za ta iya amsa ta, kuma cewa kai ɗin za ka iya gamawa da lokaci da kayan aikin da ke hannunka. Idan suka sa hannu, an ƙulla yarjejeniya ke nan. Kai za ka yi abin da ke cikin takardar, su kuma ba za su zo ranar kare kundi su nemi wani aiki dabam ba. Na zauna a kujerar ɗalibi, na kuma sha zama a ta ɗan kwamiti, kuma abin da na gani shi ne galibi tun kafin a shiga ɗakin ake sanin inda zaman zai ƙare.

Tsarin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Amurka kwamitin kan ƙunshi malamai 3 zuwa 5, kuma ana zaman ne bayan ɗalibi ya gama kwasa-kwasai ya ci jarrabawar cancanta. A Ingila makamancin wannan zama yakan zo wajen ƙarshen shekarar farko, lokacin da ake tabbatar da ɗalibi a matakin digiri na uku. Wasu jami'o'in kuma semina ake yi a buɗe, duk malaman sashe da ɗalibai su halarta. Shirin dai kusan ɗaya ne.

Kayan da za ka tanada

- Littafin ƙa'idojin karatun gaba da digirin farko na jami'arka, bugun da ake aiki da shi yanzu, da fam ɗin da kwamiti zai sa wa hannu.
- Ƙudurin binciken kansa, a Word da PDF, kowane shafi da lambarsa.
- Ƙuduri biyu ko uku da sashenku ya amince da su kwanan nan. Idan akwai na ɗaliban jagoranka, wato malamin da ke duba aikinka, sun fi.
- Manhajar tsara manazarta, kamar Zotero ko Mendeley ko EndNote. Zotero kyauta ce.
- Kayan tattara bayanai, ko da daftari ne: takardar tambayoyi, jerin tambayoyin hira, takardar neman amincewar waɗanda za a bincika, ko jerin rubuce-rubucen da za a nazarta.
- Jadawalin aiki wata-wata a shafi guda.
- Kwamfuta, filashi, caja, da wayar haɗa kwamfuta da majigi.
- Littafin rubutu, biro biyu, da abokin karatu wanda zai rubuta maka abin da aka faɗa.

1. Fara da dokokin sashenku

Tun saura wata uku ko fiye, karanta ƙa'idojin da idonka. Kada ka dogara da "an ce". Duba yawan shafukan da aka yarda, salon rubuta manazarta, ko APA ne ko MLA ko Chicago, yawan 'yan kwamiti, ko dole sai da malami daga wani sashe, da kuma kwana nawa kafin zama ake miƙa takarda. Wasu sassan babi uku cikakku suke so, wato gabatarwa da bitar ayyukan da suka gabata da hanyoyin gudanar da bincike. Wasu kuma shafi 20 ya ishe su. Idan ana tace rubutu da Turnitin, manhajar da ke auna kamannin rubutunka da na wasu, kafin a sa rana, ka san iyakar da aka gindaya.

Sannan ka je wurin sakataren sashe ko jami'in kula da ɗaliban gaba da digirin farko. Shi ya san fam ɗin da ake mantawa da shi da kuma wanda ke riƙe da makullin ɗakin taro. Idan ana barin 'yan kallo, halarci zaman wani ɗalibi ka rubuta tambayoyin da aka yi masa.

2. Daidaita cikin ƙudurin

A nan aikin yake, a nan kuma aka fi faɗuwa. Ɗauki farar takarda ka ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. A gida na farko rubuta tambayoyin bincikenka, kowace a layinta. A na biyu, bayanan da za su amsa kowace tambaya. A na uku, inda za ka samo su da yadda za ka tattara. A na huɗu, yadda za ka tantance su. A na biyar, babin da sakamakon zai shiga.

Mu ɗauki misali. Ɗaliba tana son ta gano ko saƙon tunatarwa ta waya yana sa masu hawan jini su riƙa shan magani a kan lokaci. Tambayarta ta farko ita ce ko saƙon yana da tasiri. To da me za ta auna shan maganin? Da abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa, ko da ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ko da rajistar karɓar magani? Kowanne da rauninsa, kuma sai ta zaɓa ta faɗi dalili. Kalmar "tasiri" ma kanta tana da nauyi. Idan sau ɗaya kawai za ta raba takardar tambayoyi, ba ta da rukunin da za ta kwatanta da shi, ba ta auna kafin da bayan ba, to alaƙa kaɗai za ta iya nunawa. Ko dai ta sauya kalmar, ko ta sauya tsarin binciken. Wannan saɓani tsakanin girman iƙirari da ƙarfin hanya shi ne abin da ɗan kwamiti mai ido yake fara kamawa.

Duk gidan da ya zauna babu komai a wannan jadawali, nan za a tambaye ka. Duk tambayar da ke cikin takardar tambayoyinka wadda ba ta amsa ko ɗaya daga tambayoyin bincike, cire ta. Tambayoyin bincike kuma uku ko huɗu sun isa. Na ga masu zuwa da takwas, suna zaton yawa shi ne zurfi. Kwamiti ko dai ya yanke su, ko kuma, abin da ya fi muni, ya amince da su duka ya bar ka da kayanka.

Bitar ayyukan da suka gabata ba jerin gwano ba ce ta "wane ya ce, wance ta ce". Tara ayyukan bisa ra'ayi, ka nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, har mai karatu ya ga giɓin da kansa kafin ka ambace shi. Ka guji cewa "babu wanda ya taɓa bincike a kan wannan". Da wuya hakan ya zama gaskiya, kuma sau da yawa akwai wanda ke zaune a ɗakin da ya san aikin da ka tsallake. Ka ce an yi kaza da kaza, amma ba a duba kaza ba. Ra'in da ka ɗora aikin a kai, wato tunanin masana da ke yi wa binciken jagoranci, shi ma ya fito a cikin tambayoyi da tantancewa. Ra'in da aka ambata a babi na biyu aka manta da shi daga nan, ado ne kawai.

Game da adadin mutanen da za ka bincika, wato samfuri, za a tambaye ka daga ina lambar ta fito. Mai binciken alƙaluma ya lissafa ta, ya nuna lissafin. Manhajar G*Power, mai yin wannan lissafi, kyauta ce, kuma abin da aka saba shigar mata shi ne ƙarfin gwaji na 0.80 da matakin muhimmanci na 0.05. Ka ƙara wani kaso saboda waɗanda za su fice a tsakiya. Mai binciken hira kuma ya bayyana yadda zai zaɓi mutanensa da yadda zai gane cewa sabuwar hira ta daina kawo sabon bayani. Mai nazarin adabi ko tarihi, tambayarsa ita ce me ya sa waɗannan matanoni, ba wasu ba, kuma ya tabbatar da cewa taskar da ke ajiye da su za ta bar shi ya gani.

3. Sami amincewar jagora, sannan ka ga kowane ɗan kwamiti shi kaɗai

Kada takarda ta fita hannunka zuwa ga kwamiti sai malamin da ke duba aikinka ya ce ta nuna. Tambaye shi kai tsaye: "Malam, idan aka shiga da wannan yau, ina kake ganin za a kama ni?" Jagora nagari ba ya barin a sa rana sai ya yi imanin ɗalibinsa zai wuce, domin mutuncinsa ma yana ciki.

Daga nan, da izininsa, nemi minti 20 ko 30 da kowane ɗan kwamiti. Ɗalibai suna tsallake wannan mataki saboda kunya ko tsoro, alhali ya fi kowane amfani. Kai musu shafi biyu: tambayoyin bincike da jadawalin nan mai gida biyar. Ka ce, "Farfesa, me ya fi damun ki a wannan tsari?" Ka saurara, ka rubuta. Ƙorafin da ka ji a ofis saura wata guda, gyara ne. Shi ɗin dai idan ka fara jin sa a gaban jama'a, yana iya jawo ɗage zama.

Kafin ganawar, karanta muƙala ɗaya ko biyu na kowannensu. Ba don fadanci ba. Mutum yakan yi tambaya ne daga abin da ya ƙware a kai: masanin alƙaluma zai nufi samfuri da gwaji, mai ra'i zai nufi ma'anonin kalmominka. Idan aikin ɗayansu ya shafi naka kai tsaye kuma ba ka ambace shi ba, gyara tun yanzu. Idan bai shafa ba, kada ka cusa shi, ana ganewa.

Idan ka lura biyu daga cikinsu sun saɓa a kan wani abu mai tushe, kai maganar wurin jagora ya sasanta kafin ranar. Ba aikinka ba ne raba gardamar manya. Idan kuma a jami'arku ba a sanar da 'yan kwamiti sai dab da zama, ko an hana ganawa da su, nemi malami ɗaya masanin hanyoyin bincike da ɗaya daga wajen fanninka su karanta su faɗa maka gaskiya.

4. Tsayar da rana, aika takarda

Haɗa malamai huɗu ko biyar a awa ɗaya ya fi yadda kake zato wuya. Fara nema saura mako shida zuwa takwas, ka ba da zaɓin ranaku, ka kauce wa makon jarrabawa da na gyaran takardu. Kama ɗaki na awa biyu ko da ana cewa awa ɗaya da rabi ake yi. Aika ƙudurin aƙalla mako biyu kafin zama, ko abin da dokarku ta ce idan ya fi haka. Tambayi kowa ko bugagge yake so ko PDF.

Gargaɗi: da zarar ka aika, ka daina aika "sabon gyara". Sai a shiga ɗaki kowa da kwafinsa dabam, shafi na 14 na wannan ba shi ne na wancan ba. Idan ka gano kuskure daga baya, ajiye shi ka faɗa da bakinka a wurin zama.

5. Shirya jawabin

Galibi minti 15 zuwa 30 ake bayarwa. Tambayi jagora adadin, ka tsaya ƙasa da shi. A minti 20, shafukan majigi 12 zuwa 15 sun wadatar. Rabon da nake ba ɗalibai shi ne: minti uku ga matsalar da dalilin bincike, uku ga abin da aka riga aka sani da giɓin, biyu ga tambayoyi da ra'i, tara ga hanyoyin bincike, uku ga jadawali da iyakokin aikin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cinye rabin lokaci a shimfiɗa, ana koya wa farfesoshi abin da suke koyarwa, sai shugaban zama ya ce saura minti biyu alhali ba a taɓa hanyoyin bincike ba.

Kowane shafi magana ɗaya, da manyan haruffa, da lamba a ƙasa don a iya cewa "koma shafi na 7". Kada ka kwafo sakin layi daga ƙudurin ka tsaya kana karantawa. Bayan shafin ƙarshe, ajiye wasu na ko-ta-kwana: lissafin samfuri, daftarin takardar tambayoyi, ma'anonin muhimman kalmomi. Idan babu majigi ko ba ka amince da shi ba, buga shafukan ka raba, da jadawalin mai gida biyar a sama.

6. Yi gwajin zama da tambayoyi

Rubuta tambayoyi 20 da kake tsoro, ka amsa kowace da babbar murya cikin minti biyu. Waɗannan kusan ba sa rasa fitowa:

- A jimla biyu, me kake son ka gano?
- Wane sabon abu aikin zai ƙara, kuma wa zai amfana?
- Me ya sa wannan hanya, ba waccan ba?
- Idan sakamakon ya saɓa wa hasashenka, akwai sauran kundi?
- Idan aka hana ka shiga inda bayanan suke, ko mutane suka ƙi amsawa, me za ka yi?
- Yaya za ka kare sirrin waɗanda ka bincika?
- Wannan zai ƙare a lokacin da ka rubuta kuwa?

Ta biyar ɗin tana bukatar shiri na musamman. Ɗalibarmu ta misali, idan asibitin da ta dogara da shi ya janye izini fa? Ya kamata ta zo da wuri na biyu da ta riga ta tuntuɓa, ko wata hanyar samun majinyata. Wanda ya ce "in sha Allah ba za a samu matsala ba" ya tsaya nan, bai amsa ba. A faɗi in sha Allah, a kuma nuna tanadin.

Saura mako guda, tara abokan karatu uku ko huɗu, da wanda ya riga ya wuce wannan mataki, ku yi cikakken zama da agogo. Ka roƙe su kada su tausaya maka. Idan babu kowa kusa, yi ta Zoom, ko ka ɗauki kanka a bidiyo da waya ka kalla. Ba daɗi, amma za ka ji inda kake zagaye-zagaye.

7. Jajibiri da safiyar ranar

Je ka ga ɗakin, ka gwada majigi da kwamfutarka. Ajiye jawabin a filashi, a imel, da kuma PDF. Tura wa kwamiti gajeren saƙon tuni mai ɗauke da lokaci da wuri. Idan wani zai shiga ta intanet, gwada sauti da shi, ka karɓi lambar wayarsa ko layi zai yanke. Buga fam ɗin sa hannu. Ka yi barci. Karatun daren ƙarshe ba ya ƙara komai sai ruɗu. Ka isa saura rabin awa, da naka kwafin a hannu, an liƙa alama a farkon kowane sashe.

8. A cikin ɗakin

A wurare da yawa za a fara da cewa ka ɗan fita, kwamiti su tsara yadda za su yi tambaya. Al'adar zaman ce, ba alamar matsala ba.

Idan aka yi tambaya, bari mai ita ya kai aya. Rubuta ta, musamman idan mai rassa ce. Idan ba ka gane ba, ka ce, "Dakta, idan na fahimce ka, kana tambaya ne a kan yadda zan zaɓi rukuni na biyu?" Fara da amsar, sannan dalili, sannan ka yi shiru. Dogon bayani yana buɗe ƙofofin da ba a ƙwanƙwasa ba.

Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka duba shi ba, ka faɗi yadda za ka bi ka duba. Ƙirƙirar amsa a gaban wanda ya shekara ashirin a fannin ba ta ɓoyuwa. Amma kuma kada ka zama mai "to, Malam" ga kowace shawara. Ana son a ga cewa aikin naka ne, ka san dalilin kowane zaɓi. Inda kake da hujja, kawo ta cikin ladabi: "Na duba wannan hanyar, abin da ya sa ban ɗauke ta ba shi ne kaza."

Hatsarin da ya fi girma a ɗakin shi ne kumburar aiki. Wannan ya ce ƙara rukuni, wancan ya ce haɗa da hira, wata ta ce kwatanta da wata ƙasa. Kowace shawara da kyanta, amma idan ka karɓe su duka, aikin shekara biyu ya koma na biyar. Abin da za ka ce shi ne, "Shawara ce mai kyau. Kwamiti yana ganin sharaɗi ce ga wannan kundi, ko abin da zan iya yi bayansa?" Wannan tambaya tana tilasta musu su bambance wajibi da mustahabbi, kuma a nan jagoranka yakan sa baki ya tare maka. Idan gardama ta kaure tsakaninsu, yi shiru ka rubuta. Sau da yawa su suke warware ta da kansu.

Ka nemi izini tun farko abokinka ya zauna yana rubutu. Idan zaman na sirri ne, roƙi jagora ya riƙa rubuta gyare-gyaren. Kada ka naɗi murya sai kowa ya yarda.

9. Hukunci da abin da ke biyo baya

Za a sake fitar da kai su yi shawara. Hukuncin yakan zama ɗaya daga huɗu: an amince yadda yake, an amince da ƙananan gyare-gyare, sai an yi manyan gyare-gyare, ko a sake zama. Amincewa tare da gyara ita aka fi samu, don haka kada ka ɗauke ta faɗuwa. Kafin a watse, tabbatar da abu uku: wane ne zai duba gyaran, jagora kaɗai ko kowa; zuwa yaushe; kuma yau za a sa hannu ko sai an gyara.

Cikin kwana biyu, tun abin yana sabo a kan kowa, rubuta takarda mai shafi ɗaya ko biyu. Jera kowane gyara da lamba, wanda ya nema, abin da za ka yi, da shafin da zai shafa. Ware waɗanda aka ce shawara ce kawai a ƙasa. Nuna wa jagora, sannan ka tura wa kowa ta imel ka nemi ya tabbatar ko ya gyara. Adana amsoshin a wuri biyu. Nan da shekara biyu ko uku wani zai manta abin da ya amince da shi, wani zai yi ritaya a kawo sabo mai nasa ra'ayin, kuma wannan takarda ce za ka fitar.

Idan bincikenka ya shafi mutane, amincewar wannan kwamiti ba ta ba ka izinin fara tattara bayanai ba. Sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ka takarda. A fannin lafiya ƙa'idar tana cikin Sanarwar Helsinki, wato takardar ƙa'idojin bincike a kan mutane da aka fara fitarwa a 1964, kuma yau jami'o'i suna aiki da irinta har a ilimi da zamantakewa. Bayanan da aka tattara kafin izini ana iya hana amfani da su gaba ɗaya, wani lokaci har da na gwajin farko. Cike fam ɗin tun kana jiran ranar zama, yadda da an amince da gyare-gyarenka sai ka miƙa, ka kuma sa makonnin jiran amsarsu a cikin jadawalinka. Duk wani babban sauyi da ya taso daga baya, kamar canza wurin bincike ko jefar da tambaya ɗaya, ka rubuta wa jagora da kwamitocin biyu ka sami amincewa a rubuce kafin ka aiwatar.